3.2 Tsadar Makamashi da Rayuwar 'Yan Fansho

A wannan fasali za a dubi yadda tsadar makamashi ke shafar 'yan fansho a Nijeriya. Kuɗin ɗan fansho ƙayyadadde ne, farashi kuwa kullum hawa yake yi. Alal misali, da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga kimanin naira 190 zuwa wajen naira 500. Kuɗin mota da na abinci suka bi sahu. Kalanzir da gas suka gagari dattawa da dama, suka koma ga itace da gawayi, alhali hayaƙi na cutar da huhu. Sashe na 173(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi a sake duba fanshon ma'aikatan tarayya duk shekara biyar. Jinkirin aiwatar da hakan kan tilasta wa tsoho zaɓi tsakanin sayen magani da ɗora tukunya.