Darasin Da Iyakar Jibiya Ke Koya Wa Ɗaliban Kwamfuta

Iyaye da yawa cikinmu suna biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu masu karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, amma idan yaro ya dawo hutu ya ce ana koya masa "hanyoyin gina manhaja", sai mu yi shiru. Domin mu fahimci wannan darasi, bari mu leƙa Magamar Jibiya, inda motocin kaya suke jeruwa kafin su haye zuwa Ɗan Isa da Maraɗi.

Duk tirelar da ta tsaya a nan, sai an shigar da bayanin kayanta a kwamfuta, a lissafa kuɗin fito. Manhajar da ƙasashe da yawa suke wannan aiki da ita, ASYCUDA, wata hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta soma gina ta a 1981. A Nijar ana kiranta SYDONIA. A 2024 kwastan ɗin Nijeriya suka soma gwada tasu, B'Odogwu, a Legas. Idan irin wannan manhaja ta yi kuskure, direba zai kwana a bakin iyaka, kayan gwari su lalace.

Hanya ta farko da ake koya wa ɗalibai ita ce ta gangarar ruwa, wadda Turawa ke kira Waterfall. Ana rubuta dukan bukatu tukuna, sa'an nan a zana tsari, a rubuta manhajar, a gwada ta, kana a miƙa wa mai ita, kamar magini da ba ya ɗora rufi sai ya gama bango. Winston Royce ne ya bayyana ta a 1970, shi kansa kuwa ya yi gargaɗi cewa bin ta sau ɗaya ba waiwaye yana da haɗari.

Jibiya ta nuna gaskiyarsa. An rufe iyakar a Agusta 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa, aka buɗe a Maris 2024. A wannan tsakani darajar naira ta yi ta sauyawa, lissafin kuɗin fito kuma yana binta. Wanda ya rubuta bukatu a 2019 ya kulle kansa a ɗaki, da ya fito da manhajar da zamaninta ya wuce.

Saboda irin wannan ne masana 17 suka taru a jihar Yuta ta Amurka a Fabrairu 2001, suka fitar da hanya ta biyu, Agile. A nan ana gina ɗan yanki cikin mako biyu zuwa huɗu, a nuna wa masu amfani da shi, a ji ƙorafinsu, a gyara, a ci gaba. Amma ita ma tana da sharaɗi: dole mai aikin ya samu lokacin zama da masu ginin, abin da ba kullum yake yiwuwa a aikin gwamnati ba.

Saboda haka jigon darasin shi ne sauraro. Ɗalibin da aka ba aikin manhajar iyaka, kafin ya taɓa kwamfuta sai ya tambayi jami'in kwastan, da dillali, da direba: Da wane harshe za a cika takarda, Turanci ko Faransanci? Naira ko sefa? In wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke fa?

Iyaye, idan ɗanku ko 'yarku ta dawo hutu, kada ku tsaya ga tambayar maki nawa aka ci. Ku tambaya: wa ka saurara kafin ka fara rubutu? Gama Hausawa sun ce, matambayi ba ya ɓata.