Zaurance Cikin Zaurance: Wata Ɓaraka a Tsaron Kwamfuta

Sana'ata nazarin harshe ce, saboda haka ta ƙofar harshe zan shiga wannan magana.

Kowa ya san zaurance, inda yara kan saka "da" bayan kowace gaɓa, wuƙa ta zama "wudaƙada". Mu ƙaddara akwai wani mai gadi a ƙofar wani gida a Dogon Daji, an umurce shi kada ya bar saƙon da ya ambaci wuƙa ya wuce. Ya iya zaurance, yakan warware shi kafin ya duba. To, sai wani mai wayo ya zaurance kalmar sau biyu: "wudadadaƙadadada". Mai gadi ya warware sau ɗaya, ya ga "wudaƙada", ba ta cikin abin da aka hana, ya buɗe ƙofa. Can cikin gida kuwa akwai wani bara mai yawan karambani, shi ma ya sake warwarewa, ya miƙa wuƙa.

Haka abin yake a adireshin intanet. Akan ɓoye alama da % da haruffa ko lambobi biyu. %5c tana nufin karkatacciyar sandar nan da ke raba ma'ajiya da ma'ajiya, %25 kuwa ita ce alamar % ɗin kanta. Wanda ya rubuta %255c, warwarar farko ta ba da %5c, ta biyu ta ba da sandar. In ya haɗa ta da ɗigo biyu, watau umurnin "koma baya", sai ya fita daga inda aka keɓe wa baƙi, ya shiga ɗakin mai gida.

Wannan aibi aka gano a manhajar IIS ta kamfanin Microsoft a 2001. Tana warwarewa, ta duba, sa'an nan ta sake warwarewa ba dubawa. Kamfanin ya fitar da gyara a watan Mayu, amma da yawa ba su sa ba, har tsutsar kwamfuta mai suna Nimda ta ɓullo ran 18 ga Satumba, wannan kafa na cikin hanyoyin da ta bi. A ganina laifin masu sakaci da gyara bai gaza na masu ƙira ba.

Bayan shekara 20 sai ga shi kuma. A Oktoban 2021 Apache ta toshe hanyar %2e, wato ɗigo, a fitowa ta 2.4.50, masu kutse suka rubuta %%32%65, wadda ke komawa %2e, sai da aka fitar da 2.4.51 cikin 'yan kwanaki.

Ma'aikacin da albashinsa ke kwamfuta a Tambuwal, da ɗalibin da ya yi rajistar jarrabawa ta waya a Kebbe, bayanansu suna bayan irin wannan ƙofa. Abin da masana suka tsayar shi ne a warware saƙo sau ɗaya tak, a wuri ɗaya, sa'an nan a duba shi, in kuwa an tarar da sauran % da ba ta da dalili, a mayar da saƙon inda ya fito.