Ɗibar Jini ta Kanula a Ɗakin Yara Masu Tamowa

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro mai tamowa ya san wahalar neman jijiya. Hannu ya bushe, jijiya ta ɓuya, a soka nan a soka can, uwa na kawar da kai. Shi ya sa da zarar kanula ta zauna, wato ɗan bututun robar da ake bari a jijiya don ƙarin ruwa, uwa kan roƙi nas ta ɗebi jinin gwaji ta nan, kada a sake soka ɗanta.

Roƙon yana da hujja, musamman a arewacin Zamfara. Gwajin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a Shinkafi da Zurmi cikin Yunin 2024 ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu, 'yan ƙasa da shekara biyar, na fama da tamowa. Amma ko a can ne ko a babban asibitin Ƙaura Namoda, ina ganin tausayin da ba a bi ƙa'ida ba zai iya cutar da yaron.

Kanula hanyar shiga ce, ruwa da magani na kwance a cikinta. Idan ruwan mai sukari ne aka ɗiba haka nan, takardar gwaji za ta nuna sukari ya hau, alhali na yaron ya faɗi, kuma faɗuwar sukari na cikin abubuwan da ke kashe mai tamowa. Don haka sai a tsayar da ƙarin ruwan aƙalla minti 2, a wanke hannu, a sa safar hannu, a goge bakin kanular da sifirit har ya bushe. Jinin farko a zubar. Na gwaji a ja shi a hankali, domin fizgar sirinji na farfasa jajayen ƙwayoyin jini, sinadarin fotashiyam ya fito da yawa na ƙarya. Daga nan a ɗauraye bututun da ruwan gishirin asibiti. Gwajin neman ƙwayar cuta a jini kuwa ba a ɗibarsa ta tsohuwar kanula, sabon wuri ake sokawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan jinin da ake ɗiba. Kowane kilo na jikin yaro yana ɗauke da jini kimanin mililita 80. Ƙa'idar ita ce kada abin da za a ɗiba cikin sa'o'i 24 ya wuce kashi 5 cikin 100 na duk jininsa, kuma wanda aka zubar ma daga jikin yaron ya fito. Yaro mai kilo 6, duk jininsa bai cika ledar fiya-wata ɗaya ba.