Shin Ko Kun San Wa Ke Biyan Kuɗin Jirgin Ƙasa?

Shin ko kun san cewa a cinikin jirgin ƙasa tsakanin ƙasa da ƙasa, sau da yawa gwamnatin mai sayarwa ce ke nemo wa mai saye kuɗin? Kan jirgi da taragu kaya ne masu tsada, kuma sai an yi shekaru ana mora kafin su mai da uwar kuɗi. Bankin kasuwa ba ya son irin wannan dogon jira. Shi ya sa ƙasashe masu masana'antu suka kafa hukumomin da ke ba da rancen, ko su tsaya wa mai saye, in ya gaza su biya. Sharaɗin ɗaya ne: a sayi kayan daga kamfanoninsu.

Shin ko kun san Birtaniya ce ta fara kafa irin wannan hukuma, tun 1919? Amurka ta kafa bankinta na Exim a 1934, Jamus ta fito da lamunin Hermes a 1949, Sin kuwa sai a 1994.

Shin ko kun san a 2021 Birtaniya ta tsaya wa Masar kan rancen fam biliyan 1.7 don jirgin Alƙahira mai tafiya a kan dogo guda? A garin Derby na Ingila aka ƙera taragun. Bashin yana kan Masar, albashin kuwa ma'aikatan Derby suka karɓa.

Shin ko kun san Japan ta ba Indiya rancen layin jirgi mai tsananin gudu daga Mumbai zuwa Ahmedabad a kan ruwan kashi 0.1 cikin ɗari, a biya cikin shekara 50? Babu bankin kasuwan da zai yi haka. Abin da Japan ke so shi ne fasaharta ta Shinkansen ta samu kasuwa a waje. Haka Faransa ta ɗauki kusan rabin kuɗin Al Boraq na Maroko, jirgi mai tsananin gudu na farko a Afirka, wanda aka buɗe a 2018. Kamfanin Alstom na Faransa ne ya kawo jiragen.

Shin ko kun san abin ya iso har ƙofar gidanmu? Layin Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186, da aka buɗe a Yulin 2016, ya samu rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin, kuma kamfanin CCECC na Sin ne ya shimfiɗa shi. Wannan bankin ne dai ya ba da kaso mafi tsoka na kuɗin layin Legas zuwa Ibadan, da na Mombasa zuwa Nairobi a Kenya, da na Addis Ababa zuwa Jibuti. Duk wanda ya taɓa hawa jirgin Kaduna zuwa Abuja daga tashar Rigasa zuwa ta Idu ya san amfanin jirgin. Abin da ke damuna shi ne bayan ciniki: kayan gyara, horar da injiniyoyi, da sabon tarago idan tsoho ya gaji, duk sai an koma wurin wanda ya ba da rancen. A ganina, tun a teburin yarjejeniya ya kamata a nemi a harhaɗa wani ɓangare a gida, kamar masana'antar taragu ta Kajola a jihar Ogun da aka aza harsashinta a 2019.

Shin ko kun san wannan gasa tana da dokoki? Tun 1978 ƙasashe masu arziki suka yi yarjejeniya a ƙarƙashin ƙungiyar OECD kan mafi ƙarancin kuɗin ruwa da mafi tsawon wa'adin biya, don kada su riƙa karya wa juna farashi da kuɗin baitulmali. A 2014 suka ƙara babi na musamman kan jiragen ƙasa. Sin ba ta cikin wannan yarjejeniya, ga shi kuma kamfaninta CRRC, da aka kafa a 2015 bayan haɗe wasu kamfanoni biyu na gwamnati, shi ne mafi girma a duniya wajen ƙera jiragen ƙasa.