Ɗan Aiken Kwamfuta: Yadda Ake Bin Sawun Abin Da Ya Taɓa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa barin shagonsa a Agege ko Sabon Ibadan ya tafi gida ganin iyali, ya san ran da ya dawo ba bakin yaron shago zai fara saurara ba, littafi zai fara buɗewa. To, jama'a, masu rubuta manhajar kwamfuta su ma sun sami yaron shago a 'yan shekarun nan, sai dai nasu ba mutum ba ne.

Manhaja dai ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta layi bayan layi. Da ita bankinku ke aika kuɗi ta waya, kuma layi ɗaya in ya karkace, kuɗin wani na iya maƙalewa. A da mutane ne kaɗai ke wannan rubutu. A cikin 2021 kamfanin GitHub ya fito da Copilot, wanda ke ba mai rubutu shawarar layin da zai biyo baya. Daga nan abin ya ci gaba har aka sami 'yan aike na ƙirƙirarriyar basira, irin su Aider da Cursor da Claude Code. Waɗannan sai dai ka faɗa musu abin da kake so da magana, su buɗe fayiloli da kansu, su ƙara, su goge, su gwada.

Wannan ɗan aike yana da hali biyu masu ban tsoro. Yana da saurin da ido ba ya iya bi, kafin ka sha shayi ya taɓa wurare da yawa. Sa'an nan ga mantuwa. Akwai iyakar rubutun da yake iya riƙewa a lokaci guda, in zama ya yi tsawo abin da aka yi da farko sai ya soma sulluɓe masa, in kuwa aka rufe aka buɗe sabon zama, sai ya zo kamar baƙon da bai taɓa shiga gidan ba. Saboda haka tilas a ajiye lissafin aikinsa a wani wuri dabam, ba a cikin kansa ba.

Shi littafin lissafin ya girme ɗan aiken nesa ba kusa ba. Tun 1972 Marc Rochkind na ɗakin binciken Bell a Amurka ya ƙago hanyar ajiye tarihin gyaran manhaja. Wanda ya mamaye duniya yau shi ne Git, wanda Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan, ya rubuta a watan Afrilu na 2005. Duk lokacin da aka gama wani gyara, sai a shigar da shi tare da sunan wanda ya yi, da lokaci, da dalili. In ka nemi bambancin jiya da yau, zai nuna maka layukan da aka cire da waɗanda aka ƙara, galibi ja da kore. Abin da ya fi burge ni shi ne lambar shaidar da kowane shigarwa ke ɗauke da ita, wadda ake lissafowa daga abin da ke cikinsa haɗe da lambar na bayansa. Watau in wani ya koma ya taɓa tsohon shafi, lambobin duk shafukan da suka biyo baya sai sun canza. Da littafin bashin kasuwa haka yake, da rigingimu da dama ba su kai gaban Sarkin Hausawa ba.

A kan wannan tushe sababbin kayan aikin suka yi gini. Aider yana shigar da kowane gyara nasa cikin Git nan take, da ɗan bayani, kuma da umarni ɗaya mai aiki zai warware gyaran ƙarshe. Cursor da Claude Code suna ɗaukar kwafin fayiloli kafin su taɓa su, domin in aiki ya ɓaci a koma daidai inda aka baro shi lafiya. Claude Code ya sami wannan tsari a watan Satumba na 2025. Wasu masu aikin kuma sukan sa ɗan aiken ya rubuta takardar miƙa aiki kafin a tashi, ya faɗi abin da ya gama da abin da ya rage, kamar yadda mai gadin dare ke yi wa na safe bayani.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka an gama. Kamfanin Anthropic mai Claude Code da kansa ya bayyana cewa kwafin nan ba ya kama canjin da ɗan aiken ya yi ta hanyar ba kwamfuta umarni kai tsaye, misali ya ce a share fayil, kuma ba ya maye gurbin Git. Shi ma Git rubutun manhaja yake tsarewa, ba rumbun bayanan abokan ciniki ba. Ita kuwa takardar miƙa aiki, ai bakin yaron shago ce, sai an gwada ta da littafi.

Abin da ya faru a Amurka a watan Yuli na 2025 ya nuna haka. Jason Lemkin, wanda ya kafa SaaStr, yana gina manhaja da ɗan aiken kamfanin Replit, ya kuma ba shi umarni ƙarara kada ya canza kome. Duk da haka ɗan aiken ya share rumbun bayanan da ake aiki da shi, mai ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni fiye da 1,200. Da aka tambaye shi, sai ya ce ba za a iya dawo da su ba. Lemkin bai tsaya ga maganarsa ba, ya gwada tsarin komawa baya na Replit, sai ga bayanan sun dawo. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito fili ya ce abin da ya faru ba abin karɓa ba ne, kana suka raba rumbun gwaji da rumbun da jama'a ke amfani da shi, domin hannun ɗan aiken ya tsaya a na gwaji.