Kafin Ka Ce Bairos Ne, Duba Yadda Ta Mutu

Ɗaukar bidiyon biki da wa'azi ce sana'ata a Jega, kuma aiki yakan kai ni Maiyama da Aliero. Kukan abokan sana'a kusan ɗaya ne. Mutum ya sa kwamfuta tana matse bidiyon ɗaurin aure don ya shiga waya, ya buɗe fim a gefe yana rage lokaci, sai ta mutu. Nan take a ce bairos ne, a kai ta a goge komai. Yawanci asarar kuɗi ce kawai.

Ni tambayata guda ce: yaya ta mutu?

In ɗif ta ɗauke ba sallama, fara zargin zafi. Manhajar matse bidiyo irin HandBrake takan cinye kusan duk ƙarfin furosesa har ta gama. Yawancin furosesan Intel, da zafinsu ya doshi digiri 100, sai su rage gudu; in abin ya ci tura su kashe kansu don kada su ƙone. To, ka haɗa wannan da Afrilun Kebbi, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, ga mai ita ya ɗora ta a kan katifa! Sa manhajar HWMonitor ka ga lambar zafin da idonka. In ta haura 90 ta zauna can, a buɗe a hure ƙurar, a sake wa furosesa man da ke ɗauke mata zafi. Kada a manta da caja. Na sha ganin injin da ke neman wat 90 an maƙala masa cajar kasuwa mai 45, batir kuma ya daɗe da mutuwa. Janareta na yin tari, aikin sa'a biyu ya tafi.

In kuwa allo ya daskare, ko ya yi baƙi ya dawo, katin hoto ne ya sarƙe, domin kallo da matsewa suna iya taruwa a kansa. Windows daƙiƙa 2 take jiransa. In bai amsa ba ta sake tayar da direbansa, wani lokaci ta faɗi gaba ɗaya. Sabunta direban, ko, in da VLC kake kallon fim ɗin, ka shiga saitinsa ka hana shi aiki da katin, ka sake gwadawa.

Shuɗin allo mai canza saƙo kowane karo yakan nuna RAM. Bar MemTest86 ya kwana yana bincike. Wani ɗalibin jami'ar Aliero ya kawo mini tasa bayan an goge ta ba ta daina ba. Ashe ɗaya daga cikin sandunan RAM biyu ne ya lalace. Muka zare shi, ta gama aikin da giga 4, a hankali dai. Na ce fim ɗin ya kalla a waya har ya sayi wani RAM ɗin.