Kwantar da Zafi Ba Tare da Kwantar da Hanji Ba

Tiyatar hanji tana daga cikin manyan ayyukan fiɗa da ake yi a asibitocin ƙasar Hausa. Zazzaɓin taifot da aka bari ya yi nisa yakan huda ƙaramin hanji, galibi a mako na biyu ko na uku na ciwon, kuma yara da matasa ya fi yi wa wannan ɓarna. Haka nan ƙaba takan shaƙe hanji, ko hanjin ya murɗe, ko afendis ya fashe, ko ciwon daji ya toshe babban hanji. A irin wannan hali babu makawa sai likita ya buɗe ciki, ya ɗinke inda ya huje, ko ya yanke ɓangaren da ya lalace ya haɗa bakuna biyun da suka rage.

Da zarar majiyyaci ya farfaɗo daga maganin barci, zafi ne zai fara yi masa sallama. A nan likitoci kan sami kansu gaba kura baya sayaki, domin maganin da ya fi ƙarfi wajen kashe zafi shi ne kuma yake hana hanji motsi, alhali kuwa motsin hanjin nan ake jira kafin a ce mutum ya haye.

Daga Ina Zafin Yake Tasowa?

Abin mamaki shi ne, hanji kansa ba ya jin yanka. Abin da yake ji shi ne kumburi da ja. Raɗaɗin da ke biyo bayan tiyata yakan taso ne mafi yawa daga fata da tsokar ciki da kuma tantanin da ya lulluɓe bangon ciki ta ciki. Naman da aka yanka yakan fitar da wasu sinadarai, ciki har da furostagilandin, waɗanda ke tsokano bakunan jijiyoyi. Daga nan saƙo zai bi jijiya zuwa lakar gadon baya, daga laka kuma ya wuce ƙwaƙwalwa, inda mutum zai san yana jin zafi. Wato tafiyar tana da zango uku: wurin rauni, da hanyar jijiya, da ƙwaƙwalwa. Kowane irin magani yana da zangon da ya fi tare saƙon.

Dauriya Ba Ta da Riba a Nan

Bahaushe yana girmama mai dauriya, shi ya sa za a ga magidanci ya cije leɓe yana cewa da sauƙi, alhali gumi na keto masa. Amma wanda aka yanka wa ciki, in zafi ya yi masa yawa, ba ya iya jan dogon numfashi, kuma tsoron yin tari yake yi. Sai majina ta taru a ƙasan huhu, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, namoniya ta shigo. Haka nan wanda zafi ya hana tashi daga gado, jini kan daskare a jijiyoyin ƙafarsa, kuma gudan jinin na iya ɓallewa ya toshe hanyar jinin huhu. Bugu da ƙari, zafin kansa yana ƙara rage motsin hanji.

Saboda haka ma'aikatan jinya kan nemi majiyyaci ya auna zafinsa da lamba, daga 0, wato babu zafi sam, zuwa 10, wato zafin da ba ya misaltuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba a sa ran zafi ya ɓace ɗungurungum. Abin da ake nema shi ne ya sauka har mutum ya iya numfashi sosai, ya yi tari, ya taka ƙasa.

Mofin: Amfaninsa da Illarsa

Wajen shekarar 1805 wani matashin mai haɗa magunguna a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace wani sinadari daga ƙaron tsiron fofi, wanda daga baya aka san shi da sunan mofin. An shafe fiye da shekara 150 ana amfani da shi ba tare da an san ainihin yadda yake aiki ba. Sai a 1973 Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka nuna cewa akwai wasu gurabe na musamman a jikin ƙwayoyin jijiya waɗanda mofin ke shiga kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. A 1975 kuma John Hughes da Hans Kosterlitz na Jami'ar Aberdeen suka gano cewa jiki da kansa yana ƙera mabuɗan wannan kwaɗo don rage zafi.

Matsalar ita ce, irin wannan kwaɗo ba a ƙwaƙwalwa da laka kawai yake ba. Bangon hanji yana ɗauke da ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100, waɗanda ke sa shi matsewa da sakewa don tura abinci gaba, kuma su ma suna da shi. In mofin ya isa gare su sai turawar ta ragu. Da wannan dabara ce ma maganin zawo da ake kira lofaramid yake tsayar da gudawa.

To, hanjin da aka taɓa da hannu a ɗakin tiyata dama yakan yi ɗan barci. Ƙaramin hanji kan farka cikin kamar awa 24, tumbi cikin kwana 1 zuwa 2, babban hanji kuwa sai ya kwana 2 zuwa 3 ko fiye. In aka ɗora masa mofin mai yawa, ko danginsa irin su fentazosin da tiramadol da kodin, barcin yakan yi tsawo. Ciki ya kumbura, amai ya taso, abinci ya gagara. Dalili ke nan da ya sa likita kan tambayi majiyyaci kowace safiya ko ya fitar da iska. Abin da ake jin kunyarsa a cikin jama'a, a ɗakin jinya albishir ne. Ban da wannan, mofin in ya yi yawa yana rage numfashi, don haka ake ajiye makarinsa, wato naloson, a kusa.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, shi ya yi fice wajen warware wannan ƙulli. A 1993, shi da abokin aikinsa Jørgen Dahl suka bayyana amfanin haɗa magunguna masu aiki a zanguna daban-daban, ta yadda za a rage yawan mofin. A 1999 ya ba da rahoton majiyyata da aka yanke wa wani sashe na babban hanji, waɗanda akasarinsu suka koma gida bayan kamar kwana 2, a zamanin da aka saba kwantar da irinsu mako guda ko fiye. A yau wannan tsari ya zama abin koyi a ƙasashe da dama.

Tubalin farko shi ne farasitamol, wanda jama'a suka fi sani da Panadol. Ba ya hana hanji motsi, kuma in ana ba da shi a kan lokaci, duk bayan awa 6, yana rage bukatar mofin. Sai dai babba ba ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, domin fiye da haka yana lalata hanta. Yaro da ramammen majiyyaci kuwa da nauyinsu ake auna musu.

Na biyu su ne dangin ibufurofen da dikulofenak, masu hana jiki ƙera furostagilandin a wurin rauni. John Vane na Ingila ne ya gano wannan aiki nasu a 1971, ya kuma sami lambar Nobel a 1982. Suna da amfani, amma suna iya cutar da ƙodar wanda ruwan jikinsa ya ƙare, su kuma jawo gyambon ciki. Wani bincike da aka yi a Denmak, aka buga a 2012, ya danganta dikulofenak da yoyon ɗinkin hanji. Saboda haka likita ne kaɗai zai ce a ba da su ko a bari.

Na uku su ne magungunan sandarar da jijiya, irin wanda likitan haƙori ke yi wa dasashi. Ana iya zura siririn bututu a gadon baya kusa da laka a riƙa ɗiga maganin, ko a yi allurarsa tsakanin tsokokin bangon ciki, ko a gefen yankan. Waɗannan suna tare saƙo a hanya, ba su kuma kwantar da hanji.

Mofin bai fita daga lissafi ba, amma ya koma mai cike giɓi. A wasu manyan asibitoci akwai na'urar da majiyyaci ke danna wa maɓalli ta ba shi miligiram 1 ta jijiya, sannan ta kulle kanta na minti 5 don kada ya zarce. Tare da duk wannan, ana ƙarfafa majiyyaci ya tashi ya taka da wuri, ya kuma fara kurɓar ruwa da zarar likita ya yarda.

Bayan Sallama

Zafin tiyata raguwa yake yi kullum. In ya juya ya ƙaru bayan 'yan kwanaki, musamman tare da zazzaɓi ko kumburin ciki ko amai ko bugun zuciya da sauri, wannan na iya zama alamar ɗinkin hanji ya yi yoyo. Danne irin wannan zafi da ƙwayoyin kemis tamkar rufe wuta da zane ne. Asibiti za a koma nan take.

Haka kuma tiramadol da kodin na 'yan kwanaki ne kawai, domin jiki yana sabawa da su har ya kasa rabuwa. Ɓarnar da suka yi wa matasa ce ta sa Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018. Ragowar ƙwayoyin majiyyaci ba abin ajiyewa a ɗaki ba ne, balle a miƙa wa maƙwabci mai ciwon baya.

Ɗalibin da ya je jinyar ɗan'uwansa yana da gudummawar da zai bayar: ya tabbatar an sha magani a kan lokacinsa, ya ƙarfafa wa majiyyaci ya faɗi gaskiyar abin da yake ji, ya kama hannunsa su ɗan taka, ya kuma hana a ba shi duk abin da likita bai rubuta ba.